Zauren Kawu na Ƙarƙashin Gida

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, motoci sun cika filin gidansa na Pleasant Garden, can bayan garin Greensboro, har bakin titi, wasu ma a kan ciyawar maƙwabci suka tsaya. Maƙwabcin, wani dattijon Bature, sai ma ya miƙo kujerun roba ta saman shinge. Mu mata muna sama a falo tare da Hajiya, matar Kawu. Maza kuwa suna bayan gida a tsaitsaye, suna ta kallon ƙofar besmen, wato ɗakin da ke ƙarƙashin gidan, wadda na kulle na jefa makullin a jakata. Tun da aka sayi gidan nan ba a taɓa zaman maza a wani wuri ba sai a ɗakin, shi ya sa duk wanda ya iso sai ya fara murɗa hannun ƙofar kafin a ce masa yau a waje za a zauna.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. A hannunsa na sauka da na zo ƙasar Turawan nan, daga gidansa kuma aka kai ni ɗakin miji. Don haka ranar ni ce mai zagayawa da ruwa da shayi, mai zagayawa da ruwa kuwa babu abin da ba ta ji.

Kowa da abin da ya zo da shi a bakinsa. Wani ya ce, ciwon daji a huhu, mutumin da ko warin taba ya ji sai ya sauya hanya? Wata ta ce ai hayaƙin mota ne, shekaru nawa yana tuƙa bas. Wata hajiya 'yar Damagaram ta ce kwana ne ya ƙare, a daina bincike, ta ci gaba da jan carbinta. Wani malamin jami'a da ya taso daga gabashin gari ya karɓi kofi a hannuna, ya nuna ƙofar da haɓa ya ce, "Anti, wata biyar na kwana a nan." Ya shanye shayin da zafinsa.

Hajiya ba ta yi kuka ba. Duk wadda ta durƙusa ta ce mata sai haƙuri, sai ta ce, "Haƙuri sai na Allah," idonta yana kan jakata.

Na zauna rubuta wannan ne saboda na ga yadda muke yi a nan. Ana yin sadakar uku, a yi ta bakwai, kowa ya koma aiki, bayan shekara biyu mutum ya zama hoto a waya. Ba na son Kawu ya zama haka, kuma ba na son a tuna shi rabi-rabi, a ɗauki alherinsa a bar kuskurensa, domin a ɗaki ɗaya suka zauna.

Karatu ya kawo shi Greensboro tun ban san kaina ba, karatun ya tsaya a hanya, ya kama tuƙin bas ɗin cikin gari har ya yi ritaya. Ya san garin nan kamar tafin hannunsa. In ka ce masa za ka wani ofis a cikin gari, zai gaya maka bas ɗin da za ka hau, da inda za ka sauka, da ƙofar da ba ta da layi. Maganarsa ta farko ga duk wanda ya shigo ita ce, "Ka ci abinci?" In ka fara zayyana matsalarka sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ci tukuna." Ta biyu kuwa ita ce, "Kawo takardar in gani." Yana da tabarau mai igiya da jan biro. Wasiƙar kotu, ta makaranta, ta inshora, har tallan da ake cusawa a akwatin wasiƙu, duk sai ya karanta layi-layi yana ja musu layi. Mu yara muna yi masa tsiya, muna cewa Kawu yana yi wa Turawa makin jarrabawa.

Lokacin sayen gida sun sha daru da Hajiya. Ita tana son kusa da mutane, inda in ta leƙa za ta ga wata ta gaisa. Shi ya ja ta har Pleasant Garden, inda ko gishiri ne ya ƙare sai an tada mota. Dalilinsa ɗaya ne. Gidan a kan gangare yake, kuma besmen ɗin yana da ƙofar kansa ta bayan gida, baƙo namiji zai shiga ya fita ba tare da ya ratsa falon mata ba. Hajiya ta ce da ya ga ƙofar nan ko kicin bai leƙa ba, ya juyo yana murmushi ya ce, "Hajiya, zaure ne. Bature ya gina zaure bai sani ba."

Daga ranar ba wanda ya ƙara jin kalmar besmen a bakinsa. Ya shimfiɗa kafet, ya jera dardumai, ya ajiye butoci a bakin banɗaki da babban fulas na shayi. Sanyin farko da ya shigo ya samo leda mai kauri ya liƙe ƙananan tagogin biyu da salatif, bai kuma ƙara cirewa ba, ya ce da zafi ɗakin kamar ɗakin soro yake, da sanyi kuma hita ɗaya ta ishe shi. A nan ake sallar jam'i in an taru, a nan ake raɗin suna, a nan ake sasanta ma'aurata. Da ya yi ritaya sai ya koma can gaba ɗaya. Yana sauka bayan asuba, a kai masa abinci, ya yi karatunsa, ya yi ƙailula, ba ya hawowa sai bayan isha. Shekara goma sha tara yana wannan zama, kaɗan da farko, daga baya yini guda.

Malamin jami'ar nan da na ambata, a tashar bas ta cikin gari Kawu ya tsince shi. Ya gan shi zaune a kan akwati yana waya da Hausa, yana cewa wanda zai tare shi bai zo ba. Kawu bai tambayi sunansa ba, bai tambayi garinsu ba, ya ɗauki akwatin ya ce, "Taso, ka ci abinci?" Irinsa sun fi a ƙirga. Ɗalibi zai sauka da niyyar kwana uku ya yi wata uku. Kawu ya koya masa tuƙi a filin gidan, ya raka shi karɓar lasin, ranar da ya samu ɗaki kuma ya ba shi tukunya da bargo daga kayan Hajiya, ita tana sama tana mita cewa an mai da kicin ɗinta kantin sadaka. Mitar baki ce kawai, ita ce ke zaɓo bargon mai kauri.

Yana da taurin kai, kada wani ya ce ban faɗa ba. In ya ce ga hanya, ko taswirar waya ta ce ba haka ba, ita ce ta yi kuskure.

Maganar radon, wani gas mai cutarwa, ni na kawo ta gidan. Da za mu sayi namu gidan ni da maigidana, mai duba gini ya ajiye wani ɗan abin awo a ɗakin ƙasa, ya yi mana bayani. Ina jin bayanin zauren Kawu ya faɗo mini a rai. Na samo masa irin wanda ake yi da kai, ɗan ƙaramin fakiti da ake ajiyewa kwanaki kaɗan a ɗakin da ya fi kusa da ƙasa, sannan a sa a ambulan a aika wa masu awo. Na same shi a zaure na durƙusa na ajiye a gabansa.

Ya juya shi ya ce, "Wane irin gas ne wannan, ba wari ba launi?"

Na ce, "Daga ƙasa yake fitowa, Kawu, daga duwatsun da ke ƙarƙashin gida. Yana shigowa ta tsagar daɓe, ya taru a ɗakin da ba a buɗewa. In an daɗe ana shaƙa yana iya taɓa huhu."

"To in an auna, sakamakon wajen wa zai je?"

"Wajenka mana."

"Wajena ni kaɗai?"

Na yi dariya na ce Kawu ke nan, sai ka ce takardar kotu. Shi bai yi dariya ba, ya sa tabarau ya ɗauko jan biro. Na tashi na hau sama wajen Hajiya muka shiga hirarmu.

Bayan makonni ya kira ni ya ce takarda ta dawo, lafiya lau, lambar ƙasa-ƙasa take. Na ce alhamdu lillahi, na cire abin daga raina. Tsakanin gidana da nasa tafiyar minti ashirin ce, ban taka na je na ga inda ya ajiye fakitin ba.

Shekara biyu bayan nan tari ya kama shi. Aka sha zuma da citta, aka sha maganin kanti, tari ya ƙi tafiya, wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Ranar da likita ya gaya mana sunan ciwon, ni da Hajiya ne a ɗakin. Likitan ya yi ta tambaya. Ya taɓa shan taba? A'a. Akwai mai sha a gidan? Babu. A ina yake yini? Da ya ji ɗakin ƙasa ne sai ya ce an taɓa auna radon a gidan? Na yi caraf na amsa, har da ɗan alfahari, na ce ni da kaina na kawo abin awon, kuma lafiya ya nuna. Hajiya ta sunkuyar da kai. Da muka fito baranda ta riƙe mayafina ta ce, "Abin nan naki, ba a ƙasa ya kwana ba. A saman kabet ɗin tangarana Alhaji ya ɗora shi, a falo. Ni nake goge masa ƙura."

A makon na sake awo da hannuna, a tsakiyar zaure. Sakamakon ya haura iyakar da aka ce a gyara gida, nesa ba kusa ba.

Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar. Na shiga ɗakinsa na asibiti da hantsi, takardar tana hannuna, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce, "Kawu, kai da kake karanta tallan katifa layi-layi, takardar abin awon ce ba ka karanta ba?"

Ya ce, "Na karanta. Har sau biyu."

"To me ya kai shi falo?"

Ya yi tari, ya huta, sannan ya ce, "An ce a rubuta adireshin gida a jikin ambulan. Na ce in abin ya fito da matsala hukuma za ta turo a duba ɗakin. Lokacin ɗalibai biyu ke kwana a ciki, ɗaya takardunsa na zaman ƙasa ba su gama fitowa ba. Baƙona ne. Ba zan jawo masa a zo ana tambayarsa ba."

Na ce, "Babu wanda zai zo, Kawu. Kai kaɗai ake turo wa. Ba ruwan hukuma. Da ka tambaye ni."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Na tambaye ki. Dariya kika yi."

Na fita na zauna a mota na daɗe ban tada ta ba. Haushinsa nake ji, ina jin haushin kaina, har yau kuma ban san wanne ya fi yawa ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa saboda masu cewa gida ne ya kashe shi. Likita bai ce haka ba. Ya ce ba yadda za a yi a nuna da yatsa a ce ga abin da ya jawo ciwon mutum ɗaya, sai dai a ce wannan gas yana cikin manyan dalilai ga wanda bai sha taba ba. Kawu da kansa cewa yake ajali ne. Amma washegarin faɗanmu ya sa na zauna a gefen gadonsa da waya, ya riƙa lissafo mini waɗanda suka taɓa kwana a zaure, ɗaya bayan ɗaya daga ka, da garin da kowa yake yanzu. Ina kiransu yana karɓar wayar, yana cewa, "Ka gaya wa likitanka ka zauna a ɗakina. Gidanka kuma ka auna, a ƙasa za ka ajiye, kada ka yi irin tawa." In ya gaji ya miƙo mini in ƙarasa. Kwana uku muka yi muna wannan aikin.

Bai ƙara komawa zauren ba. Daga asibiti aka wuce da shi gidan jinya, a can ya cika ranar wata Laraba bayan azahar, Hajiya tana riƙe da ƙafarsa. Allah ya yafe masa, ya sa ɗakin da yake ciki yanzu ya fi wanda ya bari faɗi da iska mai kyau, ya saka masa da kowane kwano da ya tura gaban baƙo.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, Hajiya ta kira ni ta miƙo hannu ta ce, "Makullin."

Na ce, "Wane makulli, Hajiya?"

"Kada ki mai da ni yarinya. A ƙasa zan yi takaba."

Na ce ba zai yiwu ba. Wata huɗu da kwana goma a ɗakin da ni da ita muka ga takardarsa? Ta ce ba wata huɗu ba, in ta fita takaba ma a can za ta ƙarasa kwananta, ta gaji da hawa da sauka. Na kira limaminmu a waya na sa shi a sifika. Malam ya yi bayani a hankali, ya ce abin da aka ce shi ne mace ta zauna a gidan mijinta, ba a ce lallai ɗaki kaza ba, kuma kiyaye lafiya wajibi ne. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Na sani, Malam. Na gode." Babban ɗansu ya yi ta roƙonta da Turanci, tana amsa masa da Hausa, har ya gaji ya koma jihar da yake aiki. Gidanta ne, mijinta ne. Na ba ta makullin.

Ta sauka da tabarmarta da carbi da buta, ta zauna daidai kusurwar da yake zama. Na yage ledar tagogin na buɗe su, ina juya baya ta rufe, wai sanyi. Na ce mata, "Hajiya, na riga na bar mutum ɗaya a ɗakin nan, ba zan bar na biyu ba." Ta ce, "Ke bari kika yi. Ni ina kallo aka ɗora abin a kan kabet ɗina, na san ba nan ne wurinsa ba, ban ce komai ba saboda Alhaji ya ce in yi shiru. Kwana huɗu ina goge masa ƙura. Abin da ya shaƙa ni ma in shaƙa."

A nan na gane ba da hujja za a fito da ita ba. Na san zaman 'yan makonni ba ɗaya yake da na shekara goma sha tara ba, amma ita ba makonni take nufi ba, kuma kullum mata masu zuwa taya ta zama suna sauka su yini tare da ita. Na yi mata maganar masu gyara, ta ce ba wanda zai taɓa ɗakin Alhaji sai ta fita takaba, in ta fita kuma a sake magana.

Sai na yi mata wayo, kuma ban ji kunya ba. Na kira mai gyaran na sa rana ban gaya mata ba. Ranar da safe na sauka na gaishe ta na ce, "Hajiya, wani namiji zai shigo ɗakin nan yanzu da kayan aiki, Bature ne, ga motarsa can a waje." Na san ko me za a yi, Hajiya ba za ta zauna ɗaki ɗaya da baƙon namiji tana cikin takaba ba. Ta kalle ni kallon da ban taɓa gani a idonta ba, ta ce, "Ke 'yar nan ba ki da mutunci." Na ce na ji. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta hau sama, ta bar tabarmar a shimfiɗe don in san dawowa za ta yi.

Ta zauna a kicin kusa da taga, ni ina tsaye ina yanka albasa don kada mu haɗa ido. Muna jin ƙarar injin yana huda daɓe a ƙarƙashinmu. Mutumin ya zura farin bututu a ramin, ya fito da shi ta bango, ya ɗaura masa wata 'yar fanka a waje, ya miƙe da shi har saman rufi, ya bi tsagogin daɓen ya toshe. Ya yi mini bayani cewa fankar za ta riƙa zuƙo gas ɗin daga ƙarƙashin gida tana watsa shi sama kafin ya shigo ɗaki, sai a sake awo bayan kwana biyu a tabbatar. Ya share ƙurar da ya tayar, ya naɗe wayoyinsa, ya ɗaga mana hannu ta taga. Ko la'asar ba a kira ba.

Hajiya ta bi motarsa da kallo har ta fita titi. Ta ce, "Abinci ya tafi ci?"

Na ce, "Ya gama, Hajiya."

"Ya gama me?"

"Aikin. Shi ke nan gyaran."

"Ba wanda zai zo daga hukuma?"

"Babu."

Ta leƙa ta ga bututun a jikin bango, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Da hantsi fa ya zo." Na ce da hantsi ya zo. Ta dafa teburin da hannu biyu, kukan da ba ta yi ba a asibiti, ba ta yi ba ranar jana'iza, ya zo mata a nan gaban tukunyar miya. Ban rarrashe ta ba, na kashe wuta na tsaya.

Da ta lafa ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Allah ya jiƙanka, Alhaji. Amma ni ban gama fushi da kai ba." Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Sauka ki hawo mini da tabarmata."